Kazar Sinnar da Farar Tumfafiya

Shekarar da aka gama madatsar ruwan Rusairis a Sudan, Ramatu ta aiko wa uwarta Dije da kaza daga Sinnar. Ja ce, ƙatuwa, a keji aka raine ta, ba ta taɓa tonon juji ba. Saƙon da ya biyo ta ya fi ta daɗi: Ramatu na da ciki, za ta zo gida haihuwar fari bayan tsintar auduga. Nan take Dije ta ƙudurta cewa da 'ya'yan kazar nan za ta yi wa 'yarta romon jego, ba da kajin ƙauye ba, masu ƙashi zalla.

A ƙauyensu kusa da Suki akwai tumfafiya a bayan gidan Dije, bakin hanyar ruwa. Da damina fara takan cika ta, irin mai ado da ja da rawaya, wadda ke tafiya a hankali don ta san ba mai taɓa ta. Kajin ƙauye ko kallonta ba sa yi. Ita kuwa 'yar birni, duk abin da ya yi kyau a ido abinci ne. Ran da ta fara ganin ɗaya a tsakar gida ta zabura, Dije ta riga ta da takalmi.

Tsohuwa Hadizatu, maƙwabciyarta, tana gani ta kan darni.

"Ke Dije, bar ta ta ɗanɗana. Namu ma sai da sunka ɗanɗana, sunka yi amai, kana sunka bari."

"Haba Inna, kazar Ramatu? Abadan! Ba ni bari ta wahala ina kallo."

"Kwayyis, shi ke nan," in ji tsohuwar, ta koma ga kaɗinta.

Dije dai in ta kafe ta kafe. Wata biyu tana gadi, kowace fara ta shigo sai ta sha takalmi. Kaza ta yi ƙwai, ta kwanta, ta ƙyanƙyashe tara. Dije har rangaɗa guɗa ta yi ita kaɗai, don murna.

Sai ciyawa ta ci ƙarfin hawasha, gonar audugarsu, dole kowa ya fita cira. Ta kife kazar da 'ya'yanta da kwando, ta ɗora dutse. Akuya ta zo ta ture.

Da azahar ta dawo, ta same su a gindin tumfafiya. Uwar ta yi abin da kowace uwa ke yi: ta kama fara, ta farfasa, ta kira 'ya'yanta. Ita kazar tana gefe, baki buɗe, tana kakari. Tsaki bakwai sun riga sun mutu, biyun suka bi kafin la'asar. Can gaba kaɗan kazar Hadizatu na tono da nata 'ya'yan, farar na yawo a tsakaninsu, ba wanda ya kula ta.

Dije ta zauna a ƙasa, baƙin ciki ya hana ta ko kuka. Ba akuyar ta zarga ba, ta san wanda ya yi laifin. Hadizatu ta zo ta tsuguna kusa da ita, ba ta ce ai na gaya miki ba.

Kazar ta warke bayan kwana biyu. Dije na shara ta ga wata fara ta ratso ƙofar gida, ta ɗaga takalmi, sai ta fasa. Kazar ta zo, ta karkata kai, ta dube ta, ta yi ƙarar gargaɗin nan da kaza ke yi wa 'ya'yanta, sannan ta kewaye. Ba ko ɗaya a bayanta da zai ji.