Hannun Kyaftin a Kan Sitiyari

Ɗaliban makarantar tuƙin jirgin sama suna kiran na'urar gwaji Akwati. Ɗaki ne na ƙarfe a kan ƙafafu masu motsi, da kujerun matuƙa biyu, da gilashi mai nuna titin jirgi na ƙarya. Ba ya zuwa ko'ina, amma a cikinsa ake kayar da mutane.

Auta ya taɓa faɗuwa a ciki. Dokar makarantar ita ce wanda ya sake faɗuwa ya tattara kayansa.

Da safiyar ranar jarrabawarsa ta biyu mahaifiyarsa ta goge masa farar riga har wuyanta ya tsaya ƙyam. Yayarsa ta ce ita dai kujerar taga take so, kuma kada ya yi mata irin tuƙin da ya yi wa keken gidan. Bai yi dariya ba.

A bakin Akwati ya tarar da wanda zai zauna a kujerar hagu. Kyaftin ne, aminin marigayi mahaifinsa, wanda ya kawo shi makarantar da kansa. Tun Auta yana yaro yake kiransa Baba. Auta ya rusuna zai gaishe shi, Kyaftin ya ce ya miƙe, a nan ciki babu Baba. Mai jarrabawa, wata mace mai tabarau, ta zauna a bayansu.

Tashi ya yi kyau. Aka kashe masa injin ɗaya a sama, ya bi matakan daki-daki, bai ko yi gumi ba. Da aka zo sauka Kyaftin ya karɓi sitiyari, aikin Auta ya koma duba agogunan jirgi. Hazo ya rufe gilashi. Allurar tsawo ta nuna suna gangarowa tun titi yana nesa.

Ya san ƙa'idar. Ka faɗa, ka sake faɗa, in ba a amsa ba ka ce ka karɓi jirgi, ka ƙwace. Ya sha gwada wannan da Dogo, abokin ɗakinsa, da sandar shara a hannu, har maƙwabta suka yi ƙorafin ihunsu.

"Mun yi ƙasa," in ji Auta.

Kyaftin bai tanka ba.

"Ranka ya daɗe, kamar mun ɗan yi ƙasa."

Jirgi ya ci gaba da gangarowa. Auta ya dubi hannun da ke kan sitiyari, hannun da ya riƙe kafaɗarsa ranar jana'izar mahaifinsa. Mutumin nan yana tuƙi tun ba a haife shi ba. Wataƙila yana ganin abin da shi bai gani ba. Ya ɗaga nasa hannun, ya tsaya a iska. Na'ura tana ta kururuwa. Gilashin ya koma ja, alamar jirgi ya faɗi, Akwati ya girgiza, ya tsaya.

Mai jarrabawa ta cire tabarau. Ta ce da gangan Kyaftin ya yi, jarrabawar ke nan gaba ɗaya. Ta ce a ajinsu babu wanda ya fi shi sanin jirgi, kuma wannan bai ceci kowa ba. Ta fita.

"Jira nake ka ture hannuna," in ji Kyaftin.

"Na ga kai ne, Baba."

"Shi ya sa na roƙa a zaunar da ni. Gobe wani tsohon ne zai yi kuskure, da mutane cike a bayanku."

Suka sauko ta matattakalar ƙarfe. A ƙasa Kyaftin ya ce ofishin tsara tafiye-tafiyen jirage suna neman mutum mai natsuwa. Teburi ne da na'ura, da taga mai kallon titin jirgi. Zai yi masa magana.

Dogo yana tsaye a nesa yana jiran labari. Da ya ga fuskar Auta sai ya juya.

Auta ya ce wa Kyaftin to, ya gode. Ya rusuna har gwiwar wandonsa ta taɓa siminti. Wannan karon Kyaftin bai ce ya miƙe ba.