Riɗin Dogara

Shekara goma sha bakwai Mijinyawa yana saya wa kamfani riɗi a Keffi, kuma haƙorinsa ne ma'auninsa. Sai ya zura hannu cikin buhu ya watsa 'yan ƙwayoyi a baki. In ya tofar, mai kaya ya ɗaure buhunsa. In ya haɗiye, ciniki ya faɗa, ko takarda ba a nema. Duk manoman yankin sun san haka.

Shekarar da kuɗin mai suka fara yawo a gari, kamfani ya aiko da na'ura daga Kaduna, wani akwatin ƙarfe mai allura, tare da akawu mai suna Ezra. Aka ce daga yanzu ba a sayen riɗi sai allurar ta nuna ya bushe.

Ran kasuwa da hantsi Dogara ya iso da buhu shida a akori-kura. Tsohon manomi ne, tun zamanin Turawa suke hulɗa. Suna cikin gaisawa hannun Mijinyawa ya shige buhu, kamar yadda ya saba. Ya tauna, ya haɗiye.

"Madalla," in ji Dogara. Ya sauke kaya ya sallami direba.

Ezra ya ɗebo gwangwani guda ya zuba wa na'urar. Allura ta haura jan layi.

"Baba, da sanyi a jikinsa. Ba za mu ɗauka ba."

"Sanyin me, ɗan nan? Kwana tara yana shanye a kan dutse! Malam, gaya masa."

"Ezra, sake gwadawa," in ji Mijinyawa. "Ƙila abin naka mura yake yi."

Aka sake. Allura ta koma inda ta tsaya.

"Ko na so, ba dama," in ji Ezra. "Abin da ta nuna shi Kaduna za su gani."

Dogara ko kallon akwatin bai yi ba.

"Ai ka haɗiye, Malam. A gaban mutane."

Ɗanɗanon riɗin na nan a bakin Mijinyawa, busasshe, mai garɗi. 

Dogara ya ja buhunansa gindin mangwaro ya zauna jiran wata mota. Mijinyawa ya matsa wurin manomin da ke biye, ya miƙa hannu. Mutumin ya riƙe bakin buhunsa.

"Bar shi, Malam, kada ka wahal da haƙorinka. A kai wa akwatin."