Lasifika Biyu a Ɗakin Majigi

Ina tsintar shinkafa a tsakar gida sai yayan maigidana, Alhaji Hambali, ya yi sallama ya shigo har ciki, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce, "Huseina, sai haƙuri. Motar Ilu ta kife a wajen Jebba. An riga an yi masa sutura a can."

Na ce to. Na ci gaba da tsintata, har sai da gwaggonsu, Inna Mero, ta zo ta zare farantin daga hannuna. Shekarar siminti ce, lokacin da kowa a Fagge yake rushe ɗakin ƙasa yana gina na bulo, maigidana Malam Ilu kuwa siminti yake ɗaukowa daga Ikko, ba ya mako guda a gida.

Kafin ya kama tuƙi ya yi aiki a gidan silima, shi ke harba fim. Matar aure ba ta zuwa silima, don haka da hannunsa ya buɗe sai ya sayi tsohon majigi ya sa a ƙaramin ɗakin da ke jikin soro. Ya kafa farin zanen gado a bango, ya toshe taga da bargo, ya ajiye lasifika ɗaya a ƙasan zanen da amfilifaya, na'urar ƙara sauti. In ya dawo daga tafiya ya aro fim ɗin Indiya. Ni a gaba kan kujera, shi a bayana wajen majigi yana fassara mini. Ba jin yaren yake yi ba, rabin maganar shi yake ƙirƙira, wani lokaci ya sa sarkin fim ya zagi mai bin sa bashin goro.

Ya koya mini ɗaura fim, amma in ba ya nan ba na kallo. Shi ya sa ya ɗauki fassararsa a kaset. Da muka gwada a rikoda na ce masa ba daɗi, muryar siririya ce, ga ta tana fitowa ta gaba tana faɗa da ta 'yan fim. Ya yi dariya ya ce zai sa Nwabueze, mai gyaran rediyo a Sabon Gari, ya haɗa masa ƙananan lasifika biyu a kafa a bangon baya. A tafiyar da ta biyo baya ya rasu.

Bayan sadakar arba'in Alhaji ya ce ranar Asabar za a kwashe kayan ɗakin nan a yi musu ƙima don rabon gado, har ya sami mai saye. Tun daga nan na kasa zama wuri ɗaya. In ɗauki kaset ɗin, in sa a rikoda, in cire. In share tsakar gida, in sake sharewa. Ina so in ji shi kafin a kwashe, amma ba da wannan siririyar murya ba.

Ranar Alhamis da hantsi aka ce ana sallama. Nwabueze ne, da akwatuna biyu ɗaure a bayan babur. Ya yi gaisuwa daga soro, sannan ya ce aikin Oga Ilu ya gamu, ya zo ya kafa.

Inna Mero ta ce, "Kai, gidan nan ba shiga. Ga ta kuma cikin takaba. Kwashe kayanka."

Na ji tashin babur ɗinsa. Ban kira shi ba, mai takaba ba ta ɗaga murya ga namiji. Kafin azahar sai ga shi ya dawo da matarsa Agnes, ƙatuwar mace mai sayar da atamfa, ta rungumo akwatunan da naɗin waya, guduma a hammata.

Ta ce, "Mama, ni mace ce. Gaisuwa na zo."

Inna ta kalli gudumar ta ce, "Da wannan ake gaisuwa a garinku?" Amma ta matsa mata.

Haka aka yi aikin. Nwabueze yana waje a bakin taga, bargo tsakaninmu, yana ba da umarni. Agnes tana ciki, ni ina riƙe mata ƙusoshi, kunnena yana soro ko zan ji motar Alhaji.

"Ja da ja, baƙi da baƙi. Agnes, kina ji na?"

"Shekara nawa ina share maka shago? Ko akuya ce ni ai na san jar waya."

"Akuya ba ta taɓa ƙona mini amfilifaya ba."

Ta bi gindin bango da waya tana maƙale ta da ƙananan ƙusoshi har zuwa baya. Ta hau turmi za ta kafa akwatin farko can sama kusa da rufi. Na ja mata zani na ce ba nan ba.

Ta faɗa wa mijin. Ya ce lasifikar baya a sama ake sa ta, sauti ya sauko ya cika ɗaki, ko'ina haka ake yi.

Na ce da Agnes, "Gaya masa Malam a kan benci yake zama. Bakinsa daidai kunnena yake."

Agnes ta gaya masa ta bayan bargon. Can ya ce, "To ta zauna a kujerarta. Ki auna daga kunnenta."

Na zauna. Agnes ta ɗora tsintsiya a kafaɗata ta miƙa ta bango, ta yi alama da gawayi hagu da dama. Tana cikin buga ƙusa aka ɗauke wuta. Na miƙe, na zauna, na leƙa tukunya ba komai a cikinta, na dawo. Sai bayan la'asar aka kawo.

Agnes ta danna rikoda. Da farko ƙarar majigi ce, ta shiga kaset ɗin ranar da ya ɗauka. Sannan ya yi gyaran murya a bayana, daidai inda ya saba.

"Huseina, gyara zama, kanki ya tare allo."

Na gyara. Ba fim a bango, farin zane ne kawai, amma na gyara. Ya shiga labarin wata yarinya da ta ɓata a tashar jirgi, yana yi yana dariyar kansa. Inna Mero tana bakin ƙofa da carbi, ba ta ja ba, ba ta tafi ba.

Bai kai rabi ba muryar ta fara jan ƙafa. Agnes ta yi wuf ta kashe. Rikoda ta tauna zaren. Ta zaro shi a hankali ta naɗe da biro, ta miƙa ta taga. Nwabueze ya duba ya ce ya tsira, amma ya yi rauni, kada a yawaita sa shi. Amfilifaya kuwa a riƙa kunna ta tana ɗumi, in ta daɗe a kashe sanyin damina yana lalata ta.

Ranar Asabar na aika Inna ta gaya wa Alhaji, a tumunina na gado rikoda nake so da amfilifaya da lasifikan nan biyu. Ya ce keken ɗinki ya fi mini amfani, ga marayu. Inna ta ce masa, "Ni na ji abin da ta ji. Ba ta abinta." Aka tafi da majigi da lasifikar gaba. Keken ɗinki sai daga baya na samu da adashi.

Kaset ɗin yana cikin adaka, sai da Sallah nake fito da shi. Amma kullum in na idar da azahar, in akwai wuta, ina shiga in kunna amfilifaya ba komai a ciki. Lasifikan su yi ta huci a bayana kaɗan-kaɗan. In zauna har in taɓa ta in ji ta yi ɗumi, sannan in kashe in tafi in ɗora tukunya.