Ranar da Ya Kira Sunanta

Ranar Talata ce, cikin bazara, rana ta buɗe tun hantsi har kwaltar Argungu tana ƙyalli. Na kafe babur ɗina ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar ofishin ƙungiyar manoman shinkafa, ina jiran fasinja, sai yayata Kulsumi ta leƙo ta yafito ni. Fuskarta ta canza.

Ita ce sakatariyar ƙungiyar, wayar asusun banki a hannunta take. Shugaban kuwa Baffa Dankure ne, yayan mahaifinmu, wanda ya riƙe mu bayan rasuwarsa. Ran nan ya tafi Birnin Kebbi taro.

"Saurara," ta ce, ta danna saƙon murya.

Lambar Baffa ce, da hotonsa. Muryarsa ce kuma, har da gyaran muryar nan da yake yi kafin ya fara magana. "Kulsumi, dillalin mai na gabana. Ki tura kuɗin ban ruwa duka ga asusun da na rubuto. Yanzu, kada ki tsai da ni."

"To, tura mana," na ce.

"Ba ka ji ba? Ya kira sunana."

Sai a nan na lura. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka tun tana jaririya Inna yake ce mata. Ko a taro, gaban manya, "Inna, karanto muna," yake cewa. Ban taɓa jin Kulsumi a bakinsa ba.

"Mi na yi mishi?" ta ce, idonta ya ciko. "Ko jiya lafiya muka rabu. Ko don na makara da safe?"

"Kira shi ki ji."

"In ce mi? In ce Baffa, ku ne? Mutum na fushi da ni, in ƙara mishi da tuhuma?"

Wani saƙon ya shigo, gajere: "Ina jira." Ta tura kuɗin, ta bi da rubutu: Na tura, ku gafarce ni in na yi laifi.

* * *

Da la'asar Baffa ya sauko daga mota da ledar lemu. "Inna, ga tsaraba," ya ce yana murmushi. Kulsumi ta dube shi, ta zame ta zauna a ƙasa.

A gida aka warware zancen, mu uku. Da safe wani ya kira Baffa cikin ladabi, ya ce daga wurin taron ne, za a turo masa lambobi ya karanto don a ajiye masa kujera. Ya karanto. Daga nan manhajar saƙonninsa ta rufe, ya ɗauka matsalar sabis ce, ashe da lambobin nan ɓarayi suka shiga lambarsa.

Washegari na kai ta banki a Birnin Kebbi a babur ɗina. Ma'aikacin ya ce kuɗin sun riga sun watse cikin asusu barkatai. Muryar kuma na'ura ce ta haɗa ta, daga jawaban da Baffa ke turawa zauren ƙungiya na waya kowane mako.

"Ba ku da ƙa'idar mutum biyu su amince kafin kuɗi su fita?" ya tambaya.

Kulsumi ta girgiza kai. Ƙa'idarsu ɗaya ce: in Baffa ya ce a yi, a yi.

A hanyar dawowa muka bi ta fadama. Shinkafa ta ɗauki ciki, lokacin da ta fi bukatar ruwa, injunan ban ruwa kuma duk sun yi tsit, ba mai. Ban ji kukanta ba, iska ta kwashe. Bayan rigata dai ya jiƙe.

* * *

Aka kira taro a farfajiyar ofis. Manoma sun cika tabarmi, wasu da laka a ƙafa. Ma'aji Junaidu ne ya miƙe. Shi aka tura horon tsaron intanet bara, ya dawo da jaka da hular hana sallah, bai taɓa gaya wa kowa abin da aka koya musu ba.

"Malama Kulsumi, tsakaninki da Allah, ba ki ga wata alama ba?"

Da ta ce a'a, da ƙila an bar shi a ƙaddara. Amma yayata ba ta iya ƙarya ba.

"Na gani. Ya kira sunana."

"Kun ji ko!" Junaidu ya juya ga jama'a. "Ta gane ba shi ne ba, ta tura!"

"Ban gane ba. Na ɗauka fushi yake."

"Fushin Baffanki ya fi gonakinmu?" wani tsoho ya ce daga baya. Ba da tsawa ya faɗa ba. Gonarsa ce ta fara bushewa.

"Wai ta ina suka shiga lambar shugaba?" wani ya tambaya.

Na dubi Baffa. Kansa a sunkuye, yana jan tasbaha. Na yunƙura zan miƙe, Kulsumi ta kafe ni da ido daga inda take durƙushe, ta girgiza kai kaɗan. Na koma na zauna.

"Su waɗanga mutane shaiɗanu ne," Junaidu ya ce. Aka wuce wurin.

Kafin azahar ta miƙa wayar da makullai. Baffa da kansa ya karɓa, bai ɗago ba.

* * *

Yanzu tana sayar da ƙanƙara a ƙofar gida. Ba wanda ya ce mata ɓarauniya a fuska, amma mata sun daina ba ta ajiya.

Baffa bai kore ta ba, bai yi mata faɗa ba. Kawai ya daina iya haɗa ido da ita. In ya fito masallaci sai ya rage tafiya daidai kular ƙanƙararta, bakinsa ya motsa, sannan ya ce, "Sannu da aiki," ya wuce. Ba Inna, ba Kulsumi.

Abin da aka rasa ke nan: kuɗin man rani guda, shinkafar gona goma sha ɗaya, aikin mace ɗaya, da sunan da aka kira ta da shi tun tana cikin zanen goyo.