Mutuwar Kyaftin Tattabara

Duk birnin New York babu wanda ya tsani jarumai masu tashi sama kamar Morty Kessel, kuma babu wanda ya kai shi cin abinci da su. Da safe ya je gidan rediyo ya wanke su tas, ya ce ƙattin banza ne masu saka kamfai a kan wando. Da rana ya koma kamfanin mujallar zane ya rubuta wa Kyaftin Tattabara labarin wata mai zuwa. Tun yana da suma yake wannan aiki, yanzu kansa kamar bayan ƙwarya.

Buri ɗaya ya rage masa kafin ritaya: ya kashe Tattabara, kisan da babu dawowa.

To amma a wannan sana'a mutuwa hutu ce kawai. Ya taɓa jefa shi cikin dutse mai aman wuta, kamfani ya ce wanka ya yi. Ya sa kifi ya haɗiye shi, aka fito da shi har ya yi ƙiba. Ranar da ya nuna gawa ƙiri-ƙiri aka binne, Dolores edita ta ce wannan ɗan'uwansa ne daga wata duniya.

"Ke Dolores, ba kya tsoron Allah? Har akwatin gawa na sa aka zana!"

"Kuma ya sayu, Morty. Yanzu rubuta mana yadda ya dawo."

Yana layin karɓar maganin hawan jini dabara ta faɗo masa. Duk maƙiyin da aka turo, Tattabara zai naushe shi. Tsufa kuwa ba shi da muƙamuƙi. Nan take ya kira Ignacio mai zane, ya ce daga yau a sa wa mutumin furfura.

Haka aka shiga. Gwiwa ta fara ciwo. Tashi sama ya koma sai da hutawa a kan fitilar titi. Ya kama ɗan fashi, ya manta dalilin kamun, suka zauna suna kukan tsadar haya. Akwai watan da mujallar gaba ɗaya, daga bango zuwa bango, tabaransa yake nema. Morty ya zaci masu karatu za su watse. Ina! Su ma sun tsufa, suka ce ba a taɓa faɗa musu gaskiya irin wannan ba. Ignacio kuma, shaƙiyyi, ya dinga ƙara wa jarumin sanƙo da tumbi.

"Kai, wannan ai hancina ne," in ji Morty.

"Hancin kowa ne, tsoho. Kai dai rubuta."

Ana nan aka sayar da kamfanin. Dolores ta kira Morty, ko murmushi babu.

"Sabbin iyayen gida sun ce yara ba sa sayen mai ciwon gwiwa. A kashe shi, a rufe mujallar. Babu ɗan'uwa, babu wata duniya. Ka yi nasara, sai ka je rediyo ka taka rawa."

Morty ya ce madalla, har ya raba wa kowa kofi.

Bayan kwana biyu Ignacio ya kawo masa shafin ƙarshe. Ɗakin asibiti ne can saman bene, Tattabara kwance an rufe shi da mayafi, ƙafa ɗaya a waje da safa mai huji. Morty ya daɗe yana kallo. Abin da ya nema ne sak, amma sai ya ji kamar an kwashe masa kayan ɗaki. Tsoro ya kama shi, ga kunya.

"Ya yi?" in ji Ignacio.

"Ɗakin nan babu iska."

"Gawa ce fa, Morty."

"Zana taga a nan."

Ignacio ya dube shi, ya zana.

"Buɗe ta."

"Dolores ta ce..."

"Na ji abin da ta ce. Ƙara wa tagar faɗi, kafaɗunsa ba za su wuce ba in ya zo fita."