Baƙin Wuyan Baba

"Na ce miki datti ne," in ji Baba. "Kullum ina auna sukarina, daidai yake."

"Malam, sabulu nawa ka ƙarar a wuyan nan?" in ji Mama. "Ko dutse ne ai da ya yi fari. Tashi mu je asibiti."

Da ƙyar ya bi ta. Likita ta ce baƙin wuyan alama ce jikinsa ba ya jin insulin sosai, sinadarin da ke daidaita sukari a jini. Hoton ciki ya nuna kitse ya fara taruwa a hantarsa, amma an gano da wuri, in ya rage ƙiba zai ragu.

A hanyar gida Baba ya karɓi jakar Mama ya riƙe mata. Can ya ce a hankali, "Da kin biye mini kin yi shiru fa?"