Farantin Baba Mai Haƙa

Ranar da Baba mai haƙa burtsatse ya kashe injinsa a mita arba'in, saura ƙiris in faɗa masa baƙar magana. Tumakina shida na sayar don in shayar da dashen lemon tsami ɗari uku da maigidana ya rasu ya bar mini, su ne abincin 'ya'yana. Ga shi ruwan da ya fito bai fi kaurin yatsa biyu ba.

"Haba Baba, ka ci gaba mana! Maƙwabcina mita casa'in ya yi, ruwansa har tsalle yake."

Ko kallona bai yi ba. Ya ciro wani baƙin faranti daga jakarsa, ya ɗiga ruwana a gefe ɗaya, ya taka ya ɗebo na maƙwabcin ya ɗiga a ɗaya gefen, ya ajiye a rana. Da suka bushe, gefena fes, na maƙwabcin kuwa fari fat kamar an barbaɗa gari.

"'Yata, ruwan ƙasan nan hawa biyu ne. Na sama mai daɗi, na ƙasa gishiri da kanwa, laka ce kawai ta raba su. In na huda lakar nan, na kashe miki gona."

Na ce a raina tsoho dai ya gaji. Na sallame shi ba ko na gode, na koma ina ba ƙawayena labarin mai haƙa da faranti muna ta dariya.

Kafin shekara ta zagayo, ganyen gwaibar maƙwabcina ya ƙone, ƙasarsa ta yi farin ɓawo. Ɗakin gwaji ya tabbatar masa gishiri ne. Yanzu a famfona yake cika jarkar sha.

Kunya ta ishe ni. Da lemona suka yi 'ya'yan fari, na cika kwando, na haɗa da kwalbar ruwan burtsatsen, na same shi a ƙofar gida yana wanke ƙarafa. Na durƙusa na ce ya yafe mini.

"Miƙo ruwan tukuna," in ji shi.

Ya ɗiga a farantin, ya ajiye a rana, muka zauna muna jira. Ya bushe fes. Wallahi sai da na yi hawaye.

"Awa uku a rana za ki riƙa jan ruwan nan, 'yata, kada ki ƙara. Na ƙasan yana nan, bai tafi ko'ina ba."

Lemo biyu kawai ya ɗauka.